Zaɓen Majalisar Gari a Ingila: Labarin Birmingham

Mai karatu ya sha jin an ce mutanen Ingila su ke zaɓen waɗanda za su riƙe musu al'amuran garinsu, har ya kan yi tsammani da haka suka tashi tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Koyo suka yi, sun kuwa sha tuntuɓe kafin su iya. Domin mu ga yadda abin ya gudana, bari mu ɗauki gari guda, mu bi labarinsa tun daga zaɓensa na fari cikin 1838, har zuwa sa'ad da zaɓen ya soma amfanin talaka, bayan shekara 35. Garin nan shi ne Birmingham, wanda ke tsakiyar Ingila, wajen mil 110 daga Landan ta arewa maso yamma.

A wancan zamani Birmingham garin maƙera ne. Can a ke ƙera bindigogi, da maɓallai, da ƙusoshi, da kayan tagulla, da bakin alƙalami na ƙarfe. Sana'a ta jawo masa baƙi daga ƙauyuka, har ya cika ya batse. Cikin 1801 mutanensa wajen 74,000 ne, cikin 1851 sun kai wajen 233,000, cikin 1871 kuwa sun haura 340,000. Gari ya yi ta kumbura, amma ba a shirya masa ruwan sha ko magudanar ƙazanta daidai da yawan jama'arsa ba. Wannan ita ce matsalar da zaɓe ya zo ya tarar.

Kafin a soma zaɓe

Tsofaffin garuruwan Ingila suna da majalisu tun zamanin dā, amma yawancinsu ba jama'a ke zaɓensu ba. In ɗan majalisa ya mutu, sauran su ke haɗuwa su naɗa wani, wanda su kan naɗa kuwa ɗan'uwansu ne, ko suruki, ko abokin ciniki. Ba wanda ke da ikon ya tambaye su inda kuɗin gari ya shiga. A garin Leicester, majalisa ta kashe dubban fam daga dukiyar gari cikin 1826, don kawai mutumin da ta ke so ya sami shiga Majalisar Ƙasa ta Landan. Da ƙararraki suka yi yawa, sai Gwamnati ta aiki masu bincike cikin 1833, suka zaga garuruwa suna duba littattafai suna jin bakin mutane. Abin da suka gano shi ya haifi dokar 1835, wadda ta rushe tsofaffin majalisu na garuruwa 178, ta ce daga yanzu sai da zaɓe. Sabuwar majalisar Leicester ma, da hawanta, sai ta yi gwanjon sandan girma da kwanonin azurfa na tsohuwar cikin 1836, don ta nuna zamani ya juya.

Birmingham ba ta cikin garuruwan nan 178, domin ba ta da majalisar da za a rushe. Ko da ya ke ta fi yawancinsu girma, a wurin doka kamar ƙauye ta ke. Waɗansu attajirai ne, waɗanda aka kafa tun 1769, ke kula da tituna da fitilu da kasuwa. Ba a ce ba su yi aikin kirki ba, gama su suka gina babban zauren taro na gari da rumfar kasuwa. Amma su ma su ke naɗa junansu. To, dokar 1835 ta bar ƙofa a buɗe: garin da ba shi da majalisa yana iya roƙon Sarauta ta ba shi takardar izini. Mutanen Birmingham suka roƙa, aka ba su a ƙarshen Oktoba 1838, shekarar da aka ba Manchester tata.

Abin da doka ta tsara

Aka raba gari unguwa 13, masu aika wakilai 48 gaba ɗaya. Wakili shekara uku ya ke yi, amma ba a sauke su duka lokaci guda. Kowace shekara, ran 1 ga Nuwamba, sulusinsu ke sauka, watau mutum 16, a sake zaɓe. Hikimar wannan ita ce kada majalisa ta wayi gari duk baƙi ne, ba wanda ya san inda aka kwana.

Bayan wakilai akwai dattawa 16. Su ba jama'a ke zaɓensu ba, majalisa ce, kuma shekara shida su ke yi. Ran 9 ga Nuwamba majalisa ke zaɓen Magajin Gari, wanda zai shugabance ta shekara guda. Nan akwai wani abin lura. Jam'iyyar da ta yi rinjaye ta kan cika kujerun dattawa da mutanenta, saboda haka ko jama'a sun juya mata baya a zaɓe ɗaya ko biyu, tana nan riƙe da majalisa.

Wa ke da ƙuri'a? Sai namiji baligi, wanda ke riƙe da gida ko kanti ko ma'aikata cikin gari, wanda ya yi kusan shekara uku yana biyan harajin gida ba bashi a kansa, wanda kuma mazauninsa bai wuce mil bakwai daga gari ba. In ya karɓi taimakon da a ke ba matalauta cikin shekarar, ƙuri'arsa ta faɗi. In ka duba sharuɗɗan nan da kyau, sai ka ga sun tankaɗe yawancin jama'a. Lebura ya kan yi ta ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan yana bin aiki, ba ya cika shekara uku wuri guda. Masu hayar ƙananan gidaje kuma, mai gida ne ke biyan haraji a madadinsu ya ɗora a kan kuɗin haya, don haka sunansu ba ya cikin littafin haraji, balle na zaɓe. Mata kuwa ba a ma zancensu.

Tsayawa takara ya fi wannan wuya. A babban gari irin Birmingham, sai mai dukiyar fam 1,000, ko wanda aka ƙiyasta harajinsa a kan gidan fam 30 a shekara. Ba a kuma biyan wakili ko anini. Ka ga ke nan majalisa ta masu hali ce, masu zaɓenta kuma 'yan kasuwa ne da masu gidajen haya da masu sana'a da suka ɗan tara abin hannu.

Ranar zaɓe

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yaƙin zaɓe tun watan Satumba ya ke tashi, sa'ad da a ke liƙa sunayen masu ƙuri'a a fili. Wanda aka tsallake sunansa ya kai kuka, wanda kuma ya ga sunan da bai cancanta ba ya yi ƙara. Cikin Oktoba Magajin Gari da mataimaka biyu su zauna su yanke hukunci. Jam'iyyu suka mai da wannan makami. Kowace ta sa mutanenta su bi takardar suna suna, su yi ƙarar abokan hamayya ko da a kan ƙaramin kuskure ne, da fatan mutum ba zai rufe kantinsa ya zo kare kansa ba.

Ranar zaɓe a kan buɗe rumfa da ƙarfe tara na safe, a rufe ƙarfe huɗu na yamma, watau daidai lokacin da ma'aikaci ke bakin aikinsa. Mai zaɓe ya zo da takarda wadda aka rubuta sunan wanda ya ke so, ya sa hannu a ƙasa, ya rubuta titin da gidansa ya ke, ya miƙa wa malamin zaɓe. Ba asiri ko kaɗan. Takardun nan a kan ajiye su wata shida a ofishin magatakardan gari, duk mai ƙuri'ar da ya biya sule guda yana iya dubawa.

Sai mai karatu ya sa kansa a matsayin wani ƙaramin mai kanti. Mai gidan da ya ke haya yana goyon bayan wannan ɗan takara, manyan masu sayen kayansa suna goyon bayan wancan, kowannensu kuwa da sule guda zai san abin da ya rubuta. Ina zai sa kansa? Ban da tsoro kuma akwai kwaɗayi. A garuruwa da yawa 'yan takara su kan buɗe gidajen giya a sha kyauta, su ba da abincin safe, su aika keken doki ya ɗauko mai zaɓe daga ƙofar gidansa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Zaɓen fari da abin da ya biyo baya

An yi zaɓen Birmingham na fari ran 26 ga Disamba 1838. Jam'iyyu biyu suka kara: 'yan Tori, masu son a bar al'amura yadda aka gada, da masu neman sauyi, waɗanda daga baya aka sani da sunan Libaral. Masu neman sauyi suka cinye kujeru 48 duka, suka naɗa dattawa daga cikinsu, suka ɗora William Scholefield ya zama Magajin Gari na fari. 'Yan Tori ba su haƙura ba. Suka ce takardar izinin ma ba ta inganta ba, aka yi ta jayayya har majalisa ta rasa ikon karɓar haraji sosai. Da tarzoma ta tashi a kasuwar gari cikin Yuli 1839, Gwamnatin Landan ta riƙe 'yan sandan garin a hannunta. Sai cikin 1842 Majalisar Ƙasa ta tabbatar da takardar, sai kuma dokar 1851 ta karɓe tituna da magudanai daga hannun attajiran nan ta ba majalisa.

Yanzu iko ya taru wuri guda, a hannun zaɓaɓɓu. Mai karatu zai ce ai gyara ya zo. Ina! Nan ne ma labarin ya fi ban mamaki. Ka tuna masu ƙuri'a su ne masu biyan harajin gida, kuma yawancinsu ba attajirai ba ne, masu ƙaramin jari ne waɗanda ƙarin kwabo biyu cikin fam ke yi musu ciwo. Duk ɗan takarar da ya ce zai rage haraji, shi su ke bi. Cikin shekarun 1850 wata ƙungiya ta masu tsimi, wadda Joseph Allday ke ja, ta kama majalisa. A wani gidan giya mai suna Woodman su ke haɗuwa su ƙulla abin da za a yi a zauren shawara. Suka tsai da ayyuka, suka sallami injiniyan gari suka ɗora mataimakinsa a kan rabin albashi. Manyan mutanen gari kuwa suka ɗauki zama wakili abin raini, suka janye jikinsu.

Amma araha ba ta ado. Dubban talakawa suna zaune cikin lunguna, gidaje baya da baya ba tagar da iska za ta ratsa, gida goma ko fiye suna tarayya a kan masai ɗaya ko biyu, rijiyar da su ke sha kuwa tana kusa da masan. Zazzaɓi da gudawa suna ɗibar yara kowace shekara. Ƙazantar gari tana malala cikin kogin Tame, har wani mai gonaki a gefen kogin, Charles Adderley, ya kai majalisa ƙara, kotu ta ba shi gaskiya cikin 1858. Ga inda gizo ke saƙa: wanda ke shan ruwan rijiyar ba shi da ƙuri'a, mai ƙuri'a kuwa aljihunsa ya ke dubawa. Ba a saci zaɓe ba, ba a karya doka ba, duk da haka gari yana ruɓewa.

Abubuwan da suka juya al'amari

Na fari, tunanin mutane ya sake. Waɗansu masu wa'azi na garin, musamman George Dawson da Robert Dale, suka yi shekaru suna faɗa wa mawadata cewa gyaran magudana da gina makaranta aikin ƙwarai ne, kuma abin kunya ne mutum mai ilmi da dukiya ya bar garinsu a hannun waɗanda ba su iya ba. Maganar ta shiga sannu a hankali. Masu biyan haraji da ba su ba da isasshen goyon baya ga gina ɗakin karatu na kyauta ba cikin 1852, sun yarda cikin 1860. Manyan 'yan kasuwa, waɗanda suka saba juya dubban fam ba tsoro, suka soma tsayawa takara.

Na biyu, aka faɗaɗa littafin zaɓe. Dokokin 1869 suka rage shekara ukun nan ta koma ɗaya, suka kuma shigar da masu hayar da mai gida ke biya musu haraji. Nan take dubban ma'aikata suka sami ƙuri'a, su ne kuwa mazauna lungunan nan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A shekarar ce kuma aka ba mata masu biyan haraji ƙuri'ar majalisar gari, ko da ya ke cikin 1872 kotu ta ce ban da matan aure.

Na uku, dokar 1872 ta kawo ƙuri'ar asiri. Aka daina zuwa da takarda daga gida. Malamin zaɓe ke ba mutum takarda bugaggiya, ya shiga wani ɗan lungu shi kaɗai, ya yi alamar gicciye gaban sunan da ya ke so, ya naɗe, ya jefa cikin akwati kulle. Wanda bai iya karatu ba, malamin ya yi masa alamar bisa ga faɗarsa. Masu ƙin dokar sun ce ɓoye ra'ayi ba halin namiji ba ne. Amma amfaninta a fili ya ke: mai barazana ba shi da hanyar sanin ko an bi umurninsa, mai ba da toshiya kuma ba shi da tabbacin ya sami abin da ya saya. Cikin 1884 aka ƙara da doka mai iyakance kuɗin da ɗan takara zai kashe.

Na huɗu, shiri. Da masu zaɓe suka yi yawa, gaisuwar ƙofa ƙofa ta ɗan takara shi kaɗai ba ta isa ba. 'Yan Libaral na Birmingham suka kafa ƙungiya cikin 1865, suka sake mata tsari cikin 1868. Kowace unguwa tana da reshe, reshe ya zaɓi wakilai zuwa babban kwamiti na mutum ɗari huɗu, wanda daga baya ya zama ɗari shida. Ƙungiya ke tsai da ɗan takara guda a kowace kujera don kada ƙuri'u su rabu, ita ke bin littafin zaɓe, ita ke fito da mutane ranar jefawa.

Zaɓen 1873

Cikin waɗanda suka shiga majalisa ta wannan hanya akwai Joseph Chamberlain. An haife shi a Landan cikin 1836, ya zo Birmingham yana ɗan shekara 18, ya yi arziki a sana'ar ƙera ƙusoshi masu murɗa. Unguwar St Paul's ta zaɓe shi cikin 1869. A zaɓen Nuwamba 1873 ƙungiyarsa ta fito da ƙarfinta duka, 'yan Tori kuma suka sami goyon bayan masu gidajen giya da manyan cocin Ingila. 'Yan Libaral suka yi rinjaye mai yawa, majalisa ta naɗa Chamberlain Magajin Gari, ta sake naɗa shi cikin 1874 da 1875.

Dubi abin da ya yi da rinjayen nan. Ya san masu biyan haraji ba za su yarda a yi ta ɗora musu kaya ba, saboda haka ya nemo wata hanyar kuɗi. Kamfanoni biyu ke sayar da iskar gas ta kunna fitilu a garin. Cikin 1875 majalisa ta ci bashi ta saye su a kan kusan fam miliyan biyu. Mutane suka riƙe baki don yawan bashin, amma a shekarar fari aka ci ribar fam 34,000, ribar da dā aljihun masu kamfani ta ke shiga. Sa'an nan ya juya kan ruwa. Kamfanin ruwa kwana uku kaɗai ya ke sakin famfo cikin mako, wajen rabin gari kuma rijiya su ke sha. Majalisa ta karɓi kamfanin a farkon 1876, ta kuma ƙudura ba za a nemi riba a kan ruwa ba, ribarsa ita ce lafiyar jama'a. Aka bi gurɓatattun rijiyoyi aka rufe. Majalisun da suka biyo baya suka ɗora a kan wannan, har cikin 1904 aka jawo wa garin ruwa daga kwarin Elan na ƙasar Wales, tafiyar mil 73.

Kada kuwa a ɗauka aikin ba shi da aibi. An rushe ƙazaman lunguna na tsakiyar gari aka shimfiɗa babban titi mai suna Corporation Street, da manyan kantuna dama da hagu, amma majalisa ba ta gina wa waɗanda aka tasa gidaje ba. Suka koma suka cunkushe a waɗansu lungunan, gidajen majalisa na fari kuwa sai 1890. Ƙungiyar ma an zarge ta da cewa 'yan mutane kaɗan ke yanke shawara a ɗaki, jama'a su bi kawai, kuma ba ta barin abokan hamayya su sami ko ƙaramin muƙami. Zargin nan ba a rasa gaskiya cikinsa ba.

Chamberlain ya bar kujerar cikin 1876 ya tafi Majalisar Ƙasa. Shi ne ya zama Sakataren Ƙasashen Mallaka na Ingila daga 1895 zuwa 1903, a zamaninsa ne aka karɓi mulki daga Kamfanin Neja cikin 1900, aka kuma ci Kano da Sakkwato da yaƙi cikin 1903. Mutumin da ya yi suna a kan cewa jama'ar gari su zaɓi masu riƙonsu, bai ga wannan ya shafi ƙasashen da aka ci a ƙarƙashin ofishinsa ba. Wannan ma yana cikin tarihinsa.

Sauran gyare-gyare sun zo daga baya, ɗaya bayan ɗaya. Cikin 1880 aka ɗauke sharaɗin dukiya ga mai tsayawa takara. Cikin 1907 aka yarda mata su tsaya, Ellen Pinsent kuwa ta shiga majalisar Birmingham cikin 1911. Kujerun dattawa masu jefa ƙuri'a sun daɗe, sai 1974 aka soke su.

To, jama'a, ga labarin. Tsakanin 1838 da 1873 ranar zaɓe ba ta sake ba, majalisa ita ce dai, amma wadda ta sallami injiniya don tsimin rabin albashi ita ce ta zo ta ci bashin miliyoyi don ta shayar da gari. Abin da ya sake shi ne waɗanda aka rubuta cikin littafin zaɓe, da rufin asirin mai jefawa, da irin abin da jama'a suka koyi nema wurin wakilansu. Wanda zai koya wa yara wannan babi, kada ya tsaya ga haddar shekaru da sunayen dokoki. Ya kai su lungun nan mai rijiya kusa da masai, ya tambaye su wa ke shan ruwan, wa kuma ke da ƙuri'a. In sun amsa wannan, sauran labarin ba zai yi musu wuya ba.